Babi na Shida: Kek Ɗin Kanti

A kusan kowane babban kantin kayan abinci a Amurka akwai wata kusurwa, yawanci can ciki kusa da inda ake jera burodi, da ake ajiye kek a cikin akwatin gilashi mai sanyi. Mafi yawansu faffaɗa ne masu kusurwa huɗu, an shafe su da farin kirim, an zagaye gefensu da zanen furanni ko balan-balan, an bar tsakiyar fili babu komai. Uwa ko uba za su nuna wanda suke so, su faɗi sunan yaro, sai ma'aikaciya ta ɗauko ledar kirim mai launi mai tsinin ƙarfe a baki, ta matsa ta rubuta sunan a filin nan cikin minti ɗaya, ta rufe da murfin roba, ta liƙa takardar farashi. A kantunan Costco, kek mai faɗin inci 12 da tsawon inci 16, wanda nauyinsa ya haura kilo 4 kuma kamfanin ya ce yana isar mutum 48, dala 18.99 ake sayar da shi a shekarar 2020. In aka raba, kowane yanka bai cika senti 40 ba. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka a ƙasar dala 7.25 ne a awa, wato a wancan farashi lebura mafi ƙarancin samu zai ciyar da aji guda na 'yan makaranta da kek da ladan aikin da bai kai awa uku ba.

Duk da wannan sauƙi, iyaye da yawa suna ɗaukar akwatin zuwa gida da ɗan nauyi a zuci. Sun ga hotunan kek mai hawa uku a Instagram, wanda aka yi wa siffar fada ko jirgin sama, sun kuma sha jin cewa uwa ta gari da hannunta take gasa na ɗanta. Sai su ga kamar sun gaza ta fuska biyu, ba su kashe kuɗi ba, ba su kuma kashe lokaci ba. Ni ina ganin wannan kunya ba ta da tushe. Kek ɗin kanti yana cika duk aikin da ake nema daga kek ɗin ranar haihuwa, kuma arharsa, ko da yake akwai abin dubawa a cikinta, mafi yawanta ta samo asali ne daga sauye-sauyen shekaru kusan ɗari uku da suka sauko da abincin 'yan sarauta zuwa gidan talaka.

Al'adar kunna kyandir a kan kek don ranar haihuwar yaro ana danganta ta da Jamus ta ƙarni na 18, kuma a farkonta ta masu hali ce, domin duk abin da ke shiga kwanon kwaɓin mai tsada ne. Sukari ne kan gaba. Sidney Mintz, a littafinsa Sweetness and Power na 1985, ya bi diddigin yadda sukari ya tashi daga kayan magani da na ƙamshi da ake kullewa a akwati ya zama abincin yau da kullum. Wajen 1700, abin da ɗan Birtaniya ke sha a shekara, in aka raba daidai, bai kai kilo 2 ba. Wajen 1800 ya kai kilo 8, a ƙarshen ƙarni na 19 kuma ya doshi kilo 40. Bai kamata mai karatu ɗan Afirka ta Yamma ya wuce wannan lissafi da sauri ba, domin farkon saukar farashin an same ta ne a gonakin rake na Barazil da tsibiran Karibiyan, da gumin mutanen da aka kwasa daga wannan nahiya a cikin mari. Hausawa na cikinsu. A Bahiya ta Barazil, ƙasar rake, su ne suka shirya yunƙurin tawayen bayi na 1807. Akwai kuma wata hanya ta biyu: a 1747 Bajamushe Andreas Marggraf ya nuna cewa akwai sukari a cikin wani irin gwoza da ke fitowa a ƙasar sanyi, almajirinsa Franz Achard ya kafa masana'antar farko a farkon ƙarni na 19, sannan a 1874 Birtaniya ta soke harajin sukari baki ɗaya. Daga nan sukari ya zama ɗaya daga cikin mafiya arhar abubuwan da ke cikin kek, bayan da can shi ne mafi tsada.

Abu na biyu da ya sa kek ya kasance na masu hali shi ne aikin hannu. Kafin a samu hodar kumbura, wadda matanmu ke kira bekin foda, ko dai a sa yis a jira, ko a kaɗa ƙwai masu yawa da hannu har su yi kumfa, aikin da kan ci awa guda, kuma sai gidan da ke da 'yan aiki ke iya jure shi. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa hodar kumbura saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis da ƙwai. A Amurka, Eben Horsford na jami'ar Harvard ya inganta haɗin a shekarun 1850, aka shiga sayar da shi a gwangwani. A shekarun 1870 da 1880 injinan niƙa masu naɗin ƙarfe suka maye gurbin dutsen niƙa a Hangari da Miniyafolis, farar fulawa mai laushi ta wadata. Da murhun gas da na lantarki masu ma'aunin zafi suka shigo gidaje, gashin da da can sai gwana ya zama abin da yarinya za ta iya.

Kek ɗin da ke cikin akwatin gilashin kanti kuwa ɗan ƙarni na 20 ne. A 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco, daskararren man itatuwa da ya fi bota arha kuma ba ya saurin lalacewa. A shekarun 1930 aka ƙara wa irin wannan mai sinadaran da ke haɗa mai da ruwa, sai masu gashi suka iya zuba sukarin da ya fi fulawa nauyi, su ƙara ruwa mai yawa, kwaɓin bai tsinke ba. Sukari na riƙe laima, shi ya sa irin wannan kek ke kwanaki da laushinsa. A 1945 Robert Rich na birnin Buffalo ya fara sayar da kirim da aka yi da man waken suya, wanda ake iya daskarar da shi a narkar ba tare da ya lalace ba. Yau kantuna da dama ba sa kwaɓa kek ɗin da kansu. A masana'anta ake gasa fallayen dubbai-dubbai, a kawo su a daskare, aikin ma'aikaciyar kanti shi ne shafe da ado da rubutu. Sai kuma lissafin kantin kansa, wanda ya fara tun 1916 da Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a Memphis, inda mai saye ke zagayawa da kwando ya ɗebi abin da yake so. Mai irin wannan kanti ba ya buƙatar cin riba mai yawa a kan kowane kaya. Wanda ya zo ɗaukar kek zai fita da lemo da faranti da nama da kyandir. Costco ya riƙe farashin gasasshiyar kaza a dala 4.99 tun 2009 saboda wannan dalili, kuma babban kaso na ribarsa daga kuɗin rajistar da masu saye ke biya duk shekara yake fitowa. Saboda haka wanda ya ga kek mai arha ya ce lallai an zuba wani mugun abu a ciki bai duba lissafin duka ba. Yawan abin da ake gasawa a lokaci guda, da arhar sukari da mai, da ribar da ake ci a wasu kayan, su ne suka sauko da farashin.

Suka ta farko da ake yi wa kek ɗin kanti ita ce ta ɗanɗano, kuma tana da gaskiya a cikinta. Kek ɗin da aka yi da bota na gaske da ƙwai masu yawa ya fi na kanti daɗi a bakin babba, kirim ɗin man itatuwa kuma yakan bar wani maiƙo a dasashi wanda bota ba ya bari. An ce araha ba ta ado. Sai dai ya kamata a tambaya, ɗanɗano ne ake nema a kek ɗin ranar haihuwar yaro ɗan shekara shida? Tarihin garin kek na kwali ya ba da amsa. Kamfanonin General Mills da Pillsbury sun fito da nasu a ƙarshen shekarun 1940, kasuwa ta yi kyau, sannan a shekarun 1950 ta tsaya cik. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wai wani masanin halayyar masu saye, Ernest Dichter, ya ba da shawara a bar mata su fasa ƙwai da kansu don su ji sun yi aiki. Laura Shapiro, a littafinta Something from the Oven na 2004, ta nuna cewa abin da ya fi farfaɗo da kasuwar shi ne karkatar da hankali zuwa shafe da ado, inda mujallu da tallace-tallace suka koya wa mata cewa gwanintarsu a saman kek take bayyana. Tun daga lokacin masu sayarwa suka gane cewa abin da ake kallo ya fi abin da ake taunawa nauyi a wannan kaya.

A Ingila ma haka abin yake. Tun 1990 kantin Marks & Spencer ke sayar da wani naɗaɗɗen kek na cakulan mai siffar tsutsa da fuskar farin cakulan, mai suna Colin, wanda ya zama kek ɗin ranar haihuwa na yara da manya, an sayar da sama da miliyan 15. Wasu kantuna da yawa suka yi tasu tsutsar. A Afrilun 2021 Marks & Spencer ya maka kantin Aldi a babbar kotu a kan tsutsar da Aldi ya yi mai suna Cuthbert, wadda ta fi arha, suka sasanta a 2022. Ƙarar ba ta shafi yadda ake kwaɓi ba, a kan kamanni da suna aka yi ta, domin kamfanonin biyu sun san cewa abin da yaro ke so shi ne ya ga fuskar da ya sani, wadda ya gani a bikin abokinsa, yau kuma an kawo ta dominsa. Abin da kek ke yi a wannan rana shi ne ya tara mutane wuri guda, ya ɗauki sunan mutum ɗaya, a kunna wuta, a yi waƙa, a yanka kowa ya samu. Kek mai dala ashirin yana yin duk wannan, kuma a wajen isar kowa ya fi mai tsada, domin faffaɗan kek ya fi mai hawa sauƙin yankawa daidai.

Suka ta biyu daga wani ɓangaren take zuwa. Masu ita suna cewa in har iyali na fama da kuɗin haya da na wuta, ko dala ashirin ɗin ma almubazzaranci ne. A nan Adam Smith, wanda ba a san shi da tausasa wa masu ɓarnar kuɗi ba, ya riga ya ba da amsa a 1776. A littafinsa The Wealth of Nations ya bayyana cewa abubuwan larura ba su tsaya ga abin da ke riƙe rai ba, sun haɗa da duk abin da al'adar ƙasa ta mayar da rashinsa abin kunya ko ga mafi ƙanƙantar mutane, ya ba da misali da rigar lilin da lebura na zamaninsa zai ji kunyar fita ba tare da ita ba. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, ya san abin da ke zuciyar yaron da aka wayi gari ranar sallah ba a yi masa ɗinki ba, alhali tsohuwar rigarsa ba ta yage ba. Allison Pugh ta shafe shekaru tana lura da yara da iyayensu a Oakland ta Kalifoniya, kuma a littafinta Longing and Belonging na 2009 ta nuna cewa yara na amfani da abin da suka mallaka da abin da aka yi musu don samun bakin magana a cikin tsaransu, iyaye marasa ƙarfi kuma kan zaɓi abu ɗaya ko biyu masu ma'ana su saya da wahala don kada ɗansu ya zama bare. A ƙasar da ake kai kek aji, ake tambayar yaro me aka yi masa, wanda ba a yi wa komai ba yana sane da hakan sarai. Ma'aikatar noma ta Amurka ma ta amince da wannan a ƙa'idar tallafin abinci na SNAP, wanda kimanin mutum miliyan 40 ke karɓa: an halatta sayen kek ɗin ranar haihuwa da shi muddin kayan adon da ba a ci ba su wuce rabin farashin ba. Tun 2025 wasu jihohi sun samu izinin cire kayan zaƙi daga tallafin, kuma duk wanda zai zana wannan iyaka ya kamata ya bambanta lemon kwalba na kullum da kek ɗin da yaro ke samu sau ɗaya a shekara.

Batun lafiya ma wannan bambanci ne ke warware shi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, kuma yanka ɗaya mai kaurin kirim zai cinye babban kaso na wannan. Amma kek mai tsada da aka lulluɓe da fondan, wanda kusan zallan sukari ne, bai fi na kanti sauƙi ba. Inda aka samu haɗari na gaske, doka ce ta gyara. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana irin daskararren man da ke toshe jijiyoyin zuciya daga 2018, a Janairun 2025 kuma ta soke izinin jan launin nan mai lamba 3 da ake sawa a kayan zaƙi. Musulmin da ke zaune a can yana da nasa abin dubawa a takardar da ke jikin akwatin: ko akwai jelatin da ba a san dabbar da aka cire shi ba, da kuma ruwan banila, wanda dokar ƙasar ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa kafin a kira shi na asali. A nan ma na kanti ya fi sauƙin bincike, domin doka ta tilasta a rubuta abin da ke ciki.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta ƙananan masu gashi. Matar da ke da ɗan shago tana sayen bota da ƙwai a farashin kasuwa, tana shafe awoyi a kan kek guda, ba ta da sashen lemo da nama da zai cike mata giɓi. In mai saye ya zo ya ce ai a kanti dala ashirin ne, ya zalunce ta, domin farashinta shi ne ainihin kuɗin aikin hannu, na kanti ne aka tallafa ta wasu hanyoyi. Gaskiya ne kuma cewa manyan kantuna sun kashe ƙananan gidajen burodi da yawa, kuma ma'aikatan da ke rubuta sunayen nan ba a biyansu abin kirki. Ba na musun ko ɗaya. Abin da nake musu shi ne a ɗora wannan nauyi a kan uwar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Ba ta taɓa zama mai sayen kek ɗin gwana ba, balle a ce kanti ya ƙwace ta. Zaɓin da ke gabanta tsakanin kek ɗin kanti ne da rashin kek. Ƙarancin albashin ma'aikata kuwa magana ce ta majalisa, wadda ba ta taɓa dala 7.25 ɗin nan ba tun 2009.

A ƙasar Hausa maganar tana da fuska biyu da ba su cikin ta Amurka. Ta farko ta addini ce. Malamai da yawa suna hana bikin zagayowar ranar haihuwa a matsayin koyi da baƙuwar al'ada, wasu kuma suna ganin babu laifi muddin ba a ɗauke shi ibada ba kuma babu saɓo a ciki. Wannan hukunci na malamai ne, ba na wannan littafi ba. Amma ko a gidan da ba a yin bazday, kek ya riga ya shiga walimar sauka da suna da biki da kammala makaranta, don haka tambayar nawa ya kamata a kashe tana nan daram.

Fuska ta biyu ta lissafi ce, kuma a nan abin ya juya. Duk ginshiƙan da suka sa kek ɗin kanti arha a Amurka ba su tsaya da ƙafarsu a Najeriya ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙawa daga waje ake shigo da ita, ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas mafi yawansa daga Barazil yake zuwa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin duka biyun ya yi tashin gwauron zabi. Firiza da akwatin gilashi mai sanyi sai da janareta, man janaretan kuma a jikin kek ɗin ake cire shi. Shoprite da ya buɗe a Ado Bayero Mall na Kano a 2014 ya rufe a Janairun 2024. Saboda haka a Kano ko Zariya ko Maraɗi, babban kanti ne wurin mai hali, kek mai sauƙi kuwa yawanci daga hannun matar unguwa yake fitowa, wadda ke karɓar oda ta WhatsApp, ta gasa a obin ɗin gas, ko a babbar tukunya da aka zuba wa yashi a ƙasa aka ɗora a kan gawayi, tana soka tsinke a tsakiya ta ga ko ya fito a bushe. Ba ta biyan haya, ba ta ajiye kek ya kwana yana jiran mai saye.

Wannan ya canza abin da ake nufi da neman sauƙi. A Amurka mai neman arha yana cin gajiyar injina da lissafin babban kamfani, ba ya rage wa kowa komai da hannunsa. A nan kuwa duk nairar da aka zaftare a ciniki daga aljihun mace guda take fita, wadda ta sayi kiret ɗin ƙwai da safiyar ranar a farashin da kowa ya sani. Wanda ya turo mata hoton kek mai hawa uku daga intanet, sannan ya taya shi kuɗin mai hawa ɗaya, ya tilasta mata ɗayan biyu, ko ta yi aikin banza ko ta rage ƙwai ta ƙara launi. Hanyar da ta dace ita ce a faɗa mata yawan yaran da za su zo da kuɗin da ake da shi, a bar fondan da mutum-mutumin roba, a nemi faffaɗan kek mai hawa ɗaya da kirim da sunan yaro, a biya ta farashin da ta faɗa.